Kaskon Inna da Ƙararrawar Liyon

Daren da maiɗakina ta fara kunna turaren wuta a gidan da muke haya a birnin Liyon na Faransa, wani ɗan farin faifai da ke manne a rufin ɗaki ya ɗauki kururuwa har maƙwabta suka leƙo. Ashe na'urar jin hayaƙi ce. Tun ranar 8 ga Maris 2015 dokar Faransa ta wajabta ta a kowane gida. Tukunyar gas mai ɗumama ɗakuna ma tana da ƙa'idarta: kowace shekara sai gwani ya zo ya buɗe ta, ya share, ya ba ka takardar shaida. Mai murhun itace kuma dole a share masa bututun hayaƙi. In tsautsayi ya faɗa, kamfanin inshora yana iya cewa a kawo takarda.

A ƙauyenmu na ƙasar Gazawa a Nijar, hancin Inna shi ne ƙararrawa. In hunturu ya kankama, takan shigo da kasko cike da garwashi mu ji ɗumi, amma ba ta kwanciya sai ta fitar da shi ta binne wutar da toka. "Kai, ɗan nan, ja zanenka daga bakin wuta!" Ba ta taɓa jin sunan gubar da gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki ba, wadda ba wari ba launi, amma ta san mutum kan kwanta da kasko ya kasa tashi. Kakanninmu ma da gangan suke jera rumbuna a bayan gari, nesa da murhu, don ko gida ya ci wuta, gero ya tsira.

Daga Cadawa har Tibiri, ginin ƙauye darni ne da zana da jinka, ga karan gero jibge bayan kaka, ga iskar hunturu. Lambar ƴan kwana-kwana a Nijar 18 ce, daidai da ta Faransa. Sai dai a nan Faransa motarsu kan iso kafin ka gama salati, a can kuwa kafin ta keta rairayi ta kai wani ƙauyen Agye ko Gidan Rumji, sai dai jaje. Gobarar da ta cinye azuzuwan zana a Maraɗi a watan Nuwamba 2021, ta tafi da yara fiye da 20, ta nuna cewa kara ba ya jira.

Abin da ya fi damuna sabuwar wuta ce. Garwashi mun san halinsa, waya kuwa baƙuwa ce. Yau gidaje da yawa akwai farantin sola da batiri a gindin gado, an ɗaura waya da leda, an jona fanka da firij da cajin salula a soket guda. Da bazara, fanka na kwana tana juyi, waya na zafi cikin jinka ba mai gani. Kada a ce abin sanyaya ruwa ba ya ƙona gida: gobarar benen Grenfell a Landan, cikin Yuni 2017, daga firij ta tashi, ta ci rai 72. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba takardun Faransawa nake so mu kwaso ba. Ranar dubawa nake so mu ara. Mai gari da liman su sa a yi shela sau biyu a shekara, kafin sanyi da kafin zafi: a kira mai gyaran lantarki ya bi wayoyi, a fitar da batiri daga ɗakin kwana, a janye kara daga jikin darni, a ajiye tulun ruwa da bokitin rairayi kusa da murhu.

Ɗan'uwa, in ka aika wa tsohuwa fanka bana, haɗa mata da kuɗin waya mai kyau da ladan wanda ya iya jona ta.