Manhajoji uku da nake sa wa kwamfutar lakwal

Kwamfutocinmu tsofaffi ne, rezo kuma yau akwai gobe babu. Shi ya sa nake neman manhaja ta kyauta marar nauyi. Da Free Download Manager nake sauko da bidiyon darasi: in wuta ta ɗauke, daga inda ta tsaya take ci gaba, kuɗin forfe bai tafi banza ba. BleachBit ke share tarkacen da ya cika ma'ajiya. Scratch kuwa, da jami'ar MIT ta fitar a 2007, ɗalibaina ƴan shekara tara suna haɗa ƙananan wasanni da ita ko babu intanet.

Malamai da iyaye, ku ɗauko su daga shafinsu na asali kaɗai. Ta jabu kan shigo da birus mai cinye makin yara na shekara guda.