Ɗan Da Ya Ƙi Juyawa

Kano,
daren Talata.

Aminiyata,

Ya nauyin jiki? Ya yarana, ya maigidan, ya ƙafar Hajiya surukarki? Mu nan duk lafiya, sai ruwa da ya ƙi ɗaukewa tun la'asar.

Saƙon muryarki na jiya sau uku na saurare shi, rabinsa kuka, rabinsa carar zakaran nan naku. Na so in kira ki, sai na tuna halin wayar garinku, magana ɗaya sai an maimaita ta sau huɗu, kuma duk wanda ke tsakar gida sai ya ji. Shi ya sa na zauna na rubuta. Direban motar kasuwar Alhamis zai kawo miki, haɗe da 'yan kayan jariran da na yi miki alkawari. In kin gama karantawa ki miƙa wa Baban yara, don rabin maganar tasa ce.

To, an ce miki ɗa a zaune yake, kai a sama, mazaunai a ƙasa, ga ciki ya kai sati 35. Ki fara share hawaye tukuna. Ba sammu ba ne, ba kuma ɗaurin zanenki ne ya jawo ba. A wata na bakwai, kusan ɗaya cikin yara huɗu ko biyar a haka suke, daga baya su wuntsila da kansu. Waɗanda ke kaiwa lokacin haihuwa ba su juya ba, 3 ne ko 4 cikin 100. Ke kuwa mai haihuwa huɗu, mahaifa ta saki, fili ya samu, yana iya juyawa a dare ɗaya kina barci. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya, kuma abin da ya tayar mini da hankali a saƙonki ba kukan ba ne, maganar da kika rufe da ita ce, wai ai ke a ɗaki kike haihuwa, wannan ma Allah zai kawo shi da sauƙi.

Labarin 'yata ta uku sama-sama kika san shi, don lokacin ke ma kina jego, ba mu zauna ba. Bari yau in ba ki shi.

Ni wani abu na fara ji mai tauri kamar goruba a ƙarƙashin haƙarƙarina, in na sunkuya wanki sai ya tokare ni. Ashe kanta ne. Ranar awo nas ta lalluba cikin, ta ɗora ƙahon nan na sauraron zuciya a ƙasan cibiya, ta yi shiru, ta mayar da shi sama, sai ta ce in je a yi mini hoto. Kafin in dawo gida labari ya riga ni. Washegari da hantsi sai ga surukata ta aiko ungozoma da 'yar kwalbar man shanu, a gyara mini ciki. Tsohuwar kirki ce, ita ta yanke wa maigidana cibiya, ba wadda zan iya kallon idonta in ce a'a ba ce. Na ce mata marata na ciwo, a bari sai gobe. Goben nan har yau ba ta zo ba.

Ƙanwata ce ta hana ni, wadda take aikin jinya. Ta ce, "Yaya, hannun Iya yana da hikima, amma ba shi da ido." Ba ta ganin inda mabiyiya ta kwanta, ba ta sanin ko igiyar cibiya ta naɗe wuya, ko ruwan ya ragu. In aka danna da ƙarfi mabiyiya ta ɓanɓare, jini yana iya zuba ta ciki ba mai gani, kafin a farga an rasa ɗa, wani lokacin har da uwa. Na san Hajiya ta riga ta yi miki wannan maganar. Ki yi mata ladabi, ki yi mata irin goben da na yi.

Abin dariya, a asibitin ma juyawar aka fara yi mini tayi, da hannu, ta saman ciki. Bambancin shi ne akwai na'urar hoto a gefe, ana sauraron zuciyar yarinya kafin a fara da bayan an gama, ga ɗakin tiyata a buɗe ƙofa biyu daga inda nake kwance. Mai cikin fari a sati 36 ake yi mata, irinmu da suka taɓa haihuwa a sati 37. Likitan ya ce kusan rabin waɗanda ake yi wa ne ake dacewa, masu cikin fari 4 cikin 10, mu kuma 6 cikin 10, sannan a cikin mata 200 akan sami ɗaya da za a wuce da ita tiyata nan take. Shi ya sa ba a yin sa a inda babu ɗakin aiki. Ba a kuma yi wa mai zubar jini, ko wadda faya ta riga ta fashe, ko wadda mabiyiya ta tare mata hanya.

An yi mini wata allura mai sakin mahaifa. Wallahi zuciyata ta riƙa dukan uku-uku, hannuwana na karkarwa kamar wadda ta yi sata. Likitan ya sa hannu ɗaya can ƙasan mara ya cicciɓo mazaunanta daga ƙugu, ɗaya hannun a kan kanta, yana tura ta a hankali ta yi alkafura. Akwai ciwo, ba zan ɓoye miki ba, na damƙe ƙarfen gadon har yatsuna suka yi sanyi. Ta tafi, ta tafi, har ta gicciye, ina ganin tudun kanta ya koma gefen cikina. Yana sassauta hannu, sai ta zame suuu ta koma mazauninta. Aka sake, haka. Likita ya yi dariya ya ce wannan sarauniya ce, ba ta sauka daga karaga. Kin dai san ta yanzu, halin bai canza ba.

Na koma gida na yi ta goho safe da yamma, gaba a ƙasa ƙugu a sama, don wata maƙwabciya ta ce yana juya ɗa. Ƙanwata ta ce bincike bai tabbatar da haka ba, amma ba ya cutarwa. Ta ce a ƙasar Sin ma wani ganye suke ƙonawa kusa da ƙaramin yatsan ƙafa. Kowa da irin tasa dabarar. Ni dai ciwon wuya na samu.

Saura hanya biyu ke nan, ko in haife ta a yadda take a asibiti, ko a yi mini aiki. Nan ne na yi kwana uku ban yi barcin kirki ba.

Ki gane inda gizo ke saƙar. Kai shi ne mafi girma a jikin jariri. In shi ya fara tahowa, yana da sa'o'i yana matsuwa yana buɗe hanya, in ya wuce sauran jiki santsi ne. In kuwa mazaunai suka riga, jiki ya fito, kai na ciki, to 'yan mintoci kawai gare shi, domin igiyar cibiyar da yake shaƙa ta cikinta tana matse tsakanin kansa da ƙashin uwa. Kuma duk macen da ta ga ƙafafun jariri suna reto, abin da zuciyarta za ta ce mata shi ne ta ja. Jan nan shi ne ɓarnar. Hannayensa sai su miƙe su maƙale a bayan wuya, haɓa ta ɗaga, kai ya sarƙe. Wadda ta ƙware ba ta ja, hannunta a naɗe take tsayawa har sai kafaɗu sun bayyana, sannan ta san inda za ta sa yatsa. Zaman ma iri-iri ne. Akwai mai miƙe ƙafafu sama har fuska, akwai mai tanƙwashe su kamar almajiri a gaban allo, akwai mai sako ƙafa ƙasa. Wannan na ƙarshen shi ya fi haɗari, don igiyar cibiya na iya zubowa ta riga shi.

Tawa mai miƙe ƙafa ce, nauyinta daidai, ga shi na haifi biyu da kaina. Likita ya ce a takarda na dace da a gwada. Da na matsa wa ƙanwata da tambaya, sai ta ba ni tarihin abin. A shekarar 2000 wata likita 'yar Kanada, Mary Hannah, ta jagoranci bincike a kan mata 2,088 a asibitoci 121 na ƙasashe 26. Aka ga jariran da suka rasu ko suka sha wuya sosai, kashi 5 cikin 100 ne a ɓangaren da aka shirya wa haihuwa ta ƙasa, kashi 1.6 a ɓangaren tiyata. Daga nan asibitocin duniya suka karkata ga wuƙa. Da yaran suka shekara biyu aka sake duba su, ba a ga bambanci ba. Sai kuma a 2006 Faransa da Beljiyam suka fito da nasu a kan mata fiye da 8,000, suka nuna in an tace matan da kyau, aka kuma sami gwanaye a kansu, sakamakon kusan ɗaya ne. Amma kafin nan hannu ya riga ya ɓace. Matasan likitoci da yawa sun gama karatu ba su karɓi irin wannan haihuwa ba sai ɗaiɗai.

Saboda haka da na koma, tambaya ɗaya na yi masa. Na ce, "Likita, in naƙuda ta kama ni ƙarfe biyun dare ranar Lahadi, wa zan tarar?" Ya yi shiru, sannan ya gaya mini gaskiya, Allah Ya saka masa. Ya ce akwai wata tsohuwar ungozomar asibiti da ta karɓi irin wannan ba adadi, akwai shi, amma ba zai iya yi mini alkawarin ɗayansu na nan a daren ba. A nan na yanke shawara. Ba jarumtata ake aunawa ba, hannun da zan faɗa ne ban sani ba.

Aka sa mini rana a sati 39. Maigida ya sa hannu a takarda yana gumi, ya kawo ƙannensa biyu aka auna jininsu aka ajiye. Allurar baya aka yi mini, idona biyu, ina jin ana taɓa ni ba na jin zafi, har na ji kukanta. Kwana uku ƙafafunta na miƙe sama kusa da kunnuwa, in an sauke su su koma, kakarta na ta salati. Daga baya suka sauka da kansu. An dai ce a duba mata ƙugu da hoto a sati shida, don masu irin wannan zama sukan zo da gocewar ƙashin ƙugu. Nata lafiya lau.

Kada ki ɗauka ina yi wa tiyata kirari. Sati biyu ban iya dariya ba sai na dafe ciki. Wankan jego sai da aka yi rigima a kansa, don na hana a watsa mini tafasasshen ruwa a kan ɗinki. Ranar suna ina ji da kunnena wata ta ce matan yanzu ragwaye ne. Babban abin kuma shi ne tabon da ke zama a mahaifa. Mu ba masu haihuwa biyu mu tsaya ba ne, kuma duk cikin da ya biyo baya sai an sa masa ido, ba sauran haihuwar ɗaki, don ɗinkin na iya buɗewa a naƙuda, mace ɗaya cikin 200 ko kusa da haka. Na ba da tazarar shekara uku, autana kuma da kaina na haife shi a asibiti, cikin sa'a huɗu. Masu cewa in an yanka ki sau ɗaya shi ke nan, ba haka ba ne.

Yanzu ga ra'ayina a kanki, in kin ga dama ki ce na cika shisshigi. Haihuwarki za ta faɗo tsakiyar Agusta. Na san rafin nan na hanyarku, na san yadda motoci ke kwana a bakinsa in ya kawo. Asibitin garinku awo suke yi da allurar rigakafi, ba su da ɗakin aiki, ba su da jini. Haihuwa huɗu da kika yi a ɗaki dukansu da kai suka zo, wannan daban ne. Ki taho Kano ki zauna a wurina. A sake hoto a sati 36, in ya juya mu yi hamdala mu ci tuwo. In bai juya ba a gwada juya shi a 37, ke kin fi ni damar dacewa. In ya ƙi, mu zauna da likita ki tambaye shi irin zaman da ya yi, da nauyinsa, da inda mabiyiya take, sannan ki yi masa tambayata ta ƙarfe biyun dare. In ya nuna miki gwanin da zai tsaya a kanki, ni mai riƙe miki hannu ce ki haihu da kanki. In ya yi inda-inda, a yi aikin.

Malam, gare ka nake yanzu, a gafarce ni. Na san kuɗi ne ke ranka ko ba ka faɗa ba. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Ba kowane asibiti ke cikin tsarin ba, amma maigidana zai bincika mana kafin ku iso. Duk da haka a tanadi wani abu a hannu, a kuma nemo mutum biyu masu ba da jini. Izinin tafiyar nan kai za ka ba da shi, kai ne kuma za ka fahimtar da Hajiya, don daga bakinka za ta fi karɓa.

Ƙawata, kafin ki taso, in faya ta fashe, ko kika ga jini, ko motsinsa ya ragu, kada ki jira gari ya waye. In kuma kika ji wani abu kamar igiya ya sauko, kada a tura shi, kada a ja, ki yi goho gaba a ƙasa ƙugu a sama, a mota kuma a kwantar da ke ta gefen hagu da matashi a ƙarƙashin ƙugu.

Na share ɗakin baƙi, na sa an ɗaura gidan sauro. Ki taho da katin awo da takardar hoton, da wadda aka rubuta rukunin jininki. Manyan yaran ki bar su wurin Hajiya, ƙaramar ki zo da ita. Ki biyo motar Asabar tun rafin bai kawo ba, kuma don Allah kada ki zo mini hannu rabbana, daddawata ta ƙare tun azumi.

Taki har kullum,
Aminiyarki.