Kafar Da Ƙanena Ya Toshe

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ina shirin fita gidan rediyo don shirin safe, sai saƙon murya ya shigo wayata daga Aljeriya. Lambar ƙanena ce, amma muryar ba tasa ba. Abokin aikinsa ne ke magana cikin sauri: "Yaya, kada hankalinka ya tashi. Yana asibiti, amma ya farfaɗo." Ranar na karanta gaishe-gaishen masu saurare daga farko har ƙarshe, amma da za a tambaye ni sunan mutum ɗaya da na ambata, ba zan iya kawowa ba.

Shekara uku ke nan ƙanena yana aikin gini a Setif, gari ne da ke kan tudu, tsayinsa ya haura mita 1,000 daga teku. Can dusar ƙanƙara ke sauka a watan Janairu. Mu ƴan Damagaram da hunturu kaɗan ke sa mu naɗe kai da rawani, sai ku ƙiyasta yadda ɗanmu zai ji a irin wannan wuri. Su huɗu ne a ɗaki ɗaya. A kusurwar ɗakin akwai na'urar ɗumama ɗaki mai aiki da gaz, wadda suke kira shofaj, da bututun ƙarfe da ya tashi daga bayanta ya bi ta rufi. A ƙasan bango kuma, kusa da ƙofa, akwai wata kafa mai raga. Ta nan ɗari ke kwararowa kan mai kwana a ƙasa, kuma ƙanena ne mai kwana wurin. Sai ya sami takardar buhun siminti ya cusa, ya bi da salatif ya liƙe. Abokansa har godiya suka yi masa.

Kwana biyu suna fama da ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Da yake ƴan ƙasarmu ne, sai suka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya taso, suka sha farasitamol suka kwanta. Dare na uku, ɗayansu da ke gadin dare a wurin ginin ya dawo da asuba, ya yi ta tayar da su sallah, babu wanda ya motsa. Allah ya ba shi basirar buɗe ƙofa da taga, ya jawo su waje, ya kira lamba 14 ta ƴan kwana-kwana. Daga baya mai gyara ya duba bututun, ya zaro sheƙar tsuntsu da aka yi a ciki tun bazara. Hayaƙi bai sami hanyar fita ba, iska ba ta sami hanyar shiga ba.

Ni ɗan jarida ne, abin da ya tsorata ni sai na bi diddiginsa. Abin da na fara fahimta shi ne wuta numfashi take yi kamar mutum. Idan ta sami isasshiyar iska, harshenta shuɗi ne. Idan iskar ta yi mata kaɗan, sai harshen ya koma rawaya, ta fara baƙanta bango, tana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid. Gubar ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Jini kuwa ya fi kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau fiye da 200. Shi ya sa mai barci ba ya farkawa, sai dai barcin ya ƙara nauyi. Duk lokacin sanyi jaridun Aljeriya ba sa rabo da labarin iyalan da ta kwashe a dare ɗaya.

Dabarar shofaj ɗin kanta ba ta da laifi. Maimakon a ɗumama gida duka, sai a ɗumama ɗakin da mutane ke zaune kawai, a rage kashe kuɗi. Tambayar da ke raba rai da mutuwa ita ce: ina wutar ke samun iskarta, ina kuma take zubar da hayaƙinta? A kan wannan, na'urorin iri uku ne.

Na farko ba shi da bututu ko kaɗan. Shi ne mai araha, wani ma tayoyi gare shi, ana tura shi da tukunyar gaz a cikinsa. Iskar ɗaki yake ci, a ɗaki kuma yake amayar da komai, har da tururin da ke jiƙa gilashin taga. Masu kyau daga ciki suna kashe kansu idan oksijin ya sauka daga kashi 21 cikin ɗari zuwa wajen 18. Duk da haka ba a kwana da shi a kunne, kuma sai an bar taga a ɗan buɗe.

Na biyu shi ne irin na su ƙanena. Iskar ɗaki yake ci, amma hayaƙin yana bin bututu ya tashi sama, don iska mai zafi sama take nema. Wannan sai da sharaɗi biyu: a share bututun kowace shekara kafin sanyi, a kuma bar kafar bango a buɗe. Kafar nan ba kuskuren magini ba ce. Hancin wutar ce.

Na uku shi ne wanda wutarsa ke rufe ruf a cikin akwati, ba ta haɗuwa da iskar ɗaki sam. Bututunsa biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya, suna huda bango kai tsaye zuwa waje: na ciki yana fitar da hayaƙi, na kewaye yana shigo da iska. Ya fi tsada, amma shi ya fi dacewa da ɗakin kwana. Kowanne mutum ya mallaka, yana da kyau ya rataya ƴar na'urar nan mai batir da ke ƙara idan ta shaƙi gubar.

Wani zai ce ina ruwanmu da shofaj, mu da zafi ya fi damu? Ruwanmu biyu. Na ɗaya, ƴaƴanmu suna can, daga Tamanrasat har bakin teku, kuma babu wanda ya taɓa koya musu wannan kafin su hau mota a Agadas. Na biyu, gubar nan ba ta san gaz da gawayi ba. Kaskon garwashin da muke shiga da shi ɗaki a watan Disamba ita yake fitarwa, ya ma fi. Tun da matatar man Damagaram ta fara aiki a 2011 kuma, tukunyar gaz ta shiga gidaje da yawa, har na ji masu kunna murhun girki a ɗaki su rufe ƙofa don jin ɗumi.

Inna ba mu gaya mata abin da ya faru ba. Mun ce mura ce ta kwantar da autanta. Sai da hunturu ya zagayo, na je gaishe ta da dare, na iske ta da jikoki biyu a ɗaki, kasko yana ja a tsakiya, an cusa tsumma a taga, an saki labule mai kauri a ƙofa.

Na ce, "Inna, a fitar da kaskon nan kafin ku kwanta."

Ta harare ni. "Kai da na haifa jiya za ka koya mini zama da wuta? Da wannan kaskon na raine ku duka."

Gaskiyarta. Sai dai ɗakin da ta raine mu na laka ne da azara, ƙofarsa asabari, ko'ina iska na ratsawa. Wannan kuwa na siminti ne da ƙofar ƙarfe, mu muka gina mata shi, muna alfahari ba ya shigar da ƙura.

Na zauna bakin gado na gaya mata gaskiyar abin da ya kai autanta asibiti, tun daga takardar siminti har sheƙar tsuntsu. Ta daɗe ba ta ce komai ba, tana kallon yaran da ke barci. Can ta miƙe, ta zare tsumman daga taga, ta ce, "Ɗauki kaskon ka kai tsakar gida. Ka ɗauko mini bargon da ke cikin adaka."

Da zan fita ta ƙara da cewa, "Gobe ka faɗa a rediyonku. Amma kada ka ambaci sunana."

Na faɗa, kuma duk shigowar sanyi ina maimaitawa.