Firinta Ɗaya Ta Ishe Mu

Duk wanda ya karanta allon nan a zangon bara ya san da hannu muke rubuta shi. Ba don ƙaunar biro ba ne. Firintar makarantarmu guda ɗaya ce tak, tana ofis, a haɗe da kwamfuta ɗaya. In muka buga labari a ɗakin kwamfuta, sai mu zuba shi a filashi, mu je mu tsaya bakin ofis muna jiran a gama takardun jarabawa. Wata rana filashin ya kwaso cuta ya lalata mana aikin mako biyu. Har kuɗin mota muka taɓa harhaɗawa, ɗayanmu ya tafi Kwanar Dangora a buga mana shafi huɗu.

Sai muka rubuta wa ƙungiyar iyaye da malamai takarda, muna roƙon a sayo wa kulob firinta. Ashe ɗakin malamai ma ita suke nema, haka ɗakin karatu. Firinta uku ke nan, kowace da tawadarta da kuɗin gyaranta, ga iyayenmu manoman masara ne da shinkafa, sai kaka suke ganin kuɗi.

Malamin kwamfuta ne ya raba gardamar. Ya ce mana, "Ku yara, a unguwarku gida nawa ne ke da injin niƙa?" Muka ce inji ɗaya ne, kowa can yake kai hatsinsa. Ya ce to, abin da ya rage shi ne hanyar kai niƙan.

Abin da aka sayo bai taka kara ya karya ba: nadin waya da ɗan akwati mai ramuka, wanda kowace kwamfuta ke soka wayarta a ciki. Mu muka riƙe tsani ranar Asabar ana bin bango da wayar. Yanzu daga kujerarka za ka tura takarda, ta bi layi, ta fito a ofis. Tsofaffin tambayoyin jarabawa ma a kwamfuta ɗaya aka ajiye su, sauran na ɗebowa daga can. Malam ya ce haka cibiyoyin JAMB suke tun da hukumar ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015: tambayoyi na fitowa daga uwar garke zuwa gaban kowane ɗalibi. Mu 'yan ajin ƙarshe wannan ya fi faranta mana, don yawancinmu ba mu taɓa amsa tambaya da linzami ba.

Amma fa injin unguwa in ya tsaya, gida-gida ake komawa turmi. Makon jiya wani, ba za mu faɗi ajinsa ba, ya tura hoton 'yan ƙwallo sau ashirin don ya ga bai fito nan take ba, tawada ta ƙare wa kowa. Shi ya sa shafin wasanni da ke gefen nan da biro yake. Malam ya ce daga Litinin sai an rubuta suna a littafi kafin a tura komai.