Azumin da firij ɗinmu ya ƙi yin ƙanƙara

Nakan zauna in yi ta mamakin yaron nan da na taɓa zama, wanda duk damuwarsa a duniya ba ta wuce ledar zoɓo ta daskare ba. Azumin 1988 ya faɗo ne a watan Afrilu, tsakiyar bazarar Kano, lokacin da ruwan randa ma yakan yi ɗumi kafin la'asar, Inna tana ƙulla ruwa da zoɓo da kunun aya, ni kuma in saɓa kula in zaga Fagge, ƙulli ɗaya sule. Cikin wannan azumin firij ɗinmu ya juya mana baya.

Da mutuwa ya yi gaba ɗaya, da an san inda aka dosa. Fitilar cikinsa tana kamawa, ƙasan yana da ɗan sanyinsa, in an buɗe ƙamshin citta da kanumfari ya haɗu da warin daddawar ragowar miya ya daki hanci, amma ɗan ɗakin sama sai leda ta kwana a ciki ta wayi gari ruwa tsululu, ko ta yi ɓawo a waje cikinta yana motsi.

Inna ce ta fara gwada nata. Bangon ɗakin saman ya tara wata farar ƙanƙara mai kauri wadda ta lulluɓe ƙarfen, ta shiga tsakaninsa da kayan da ake so ya daskarar. Ta zare soket, ta kwashe komai cikin fanteka, ta cika tasa da ruwan zafi ta ajiye a ciki, ta shimfiɗa tsumma a ƙasa, muka zauna muna jin ɗigar ruwa, can sai wani ɓangare ya ɓalle ya faɗo ƙwal. Wuƙa kam ta hana. Siririn bututun gas a jikin wannan ƙarfen yake kwance, kuma wani maƙwabcinmu ya taɓa sa tsinin wuƙa a nasa, aka ji fuuu, shi ke nan.

Firij ɗinmu ya yi kwana biyu kamar ya warke. Ya koma.

Baba ya ɗauko mai gyara daga Sabon Gari, wani dattijo a kan keke, da 'yar silinda ɗaure a baya, jikinsa yana warin dalma da baƙin mai. Ya yi sallama, Inna ta koma bayan labule. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bai buɗe jakar kayan aikinsa ba. Ya durƙusa ya kara kunne. Ya ce in kwamfuresa tana yin ƙas ta yi shiru, ta sake yin ƙas, to ko wuta ce ta yi rauni ko ɗan abin da ke tayar da ita ya gaji. Tamu kuwa gurnani take ba hutu, alamar sanyi yana zurarewa ta wani wuri. Ya jawo firij ɗin daga jikin bango, sai ga baƙar ragar ƙarfen da ke bayansa ta sha ƙurar hunturu da saƙar gizo har ta koma ja. Ya miƙo mini guntun tsintsiya, ya ce ta nan firij yake fitar da zafin da ya kwaso daga ciki, in share, kuma a bar masa tazarar taƙi ɗaya ya sha iska. Na share wannan raga waya bayan waya, ina jin kamar an naɗa ni sarauta.

Sannan ya ce Baba ya ba shi takardar kuɗi. Baba ya zaro Murtala. Mai gyara ya rufe ƙofa a kanta ya ja, ta riƙe. Ya matsa sama ya ja, ta riƙe. Da ya kai kusurwar sama sai ta zame salin-alin, babu ko turjiya. Robar ƙofar ta bushe a wurin, ta tsage, iska mai ɗumi tana shiga dare da rana, ita ce ma take haifar da wancan tulin farar ƙanƙara.

Baba ya tambaya ko za a ƙara gas.

"Alhaji, kada ka yarda a ce maka gas ya ƙare. Ba kananzir ba ne, ba ya ƙonewa. In ya ragu, akwai inda yake yoyo, kuma za ka ga maiƙo a wurin. Nan babu."

Ya ɗan ɗaga murya don ta bayan labule ta ji. "Hajiya, a riƙa bari zoɓo ya huce kafin a sa, kuma kada a cusa leda har ta toshe ko'ina. Mai sukari ya fi ruwa zalla jinkirin kamawa, shi za a jera a jikin ƙarfe."

Washegari ya dawo da sabuwar roba, ya jiƙa ta a ruwan zafi ta yi laushi, ya bi da ita gefen ƙofa da ɗan yatsa. Kuɗinta kawai ya karɓa da ɗan ladan aiki. Kafin azumi ya raba tsakiya kulata ta koma yin nauyi, ƙullin yana ƙara in ya bugi ɗan'uwansa. Tsohuwar robar kuwa ni ya ba, ya tsaga ta ya zaro mini dogon maganaɗisun da ke cikinta. Na ɗaure shi da zare, na yi ta jansa cikin yashin tsakar gida har bayan salla, ina tsinto ƙusoshi da alluran Inna da suka daɗe da ɓata.