Bakaniken Injin Iska a Tsakiyar Teku

Sana'o'in duniya suna da yawa. Akwai waɗanda aka gada tun kaka da kakanni, kamar noma da ƙira da saƙa. Akwai kuma waɗanda zamani ya kawo, kamar tuƙin mota da gyaran rediyo. Ga labarin wata sana'a daga cikin na baya-bayan nan, wadda masu yinta ba a kasuwa su ke zama ba, ba kuwa a gona ba. Wurin aikinsu yana can tsakiyar teku, bisa wata hasumiyar ƙarfe wadda ta fi kowane rimi tsawo.

Kun san fankar lantarki, wadda in an ba ta wuta sai ta juya ta ba da iska. To, injin iska kishiyarta ne: iska ce ke juya shi, shi kuwa ya ba da wuta. Yana da dogayen fukafukai uku. In iska ta buge su sai su yi ta juyawa, su juya janareta da ke cikin wani ɗaki a ƙwanƙolin hasumiyar. Wanda ya taɓa bi ta Lambar Rimi a jihar Katsina ya ga irinsu a tudu. Amma iskar teku ta fi ta tudu ƙarfi, gama babu dutse ko itace da zai tare ta. Saboda haka aka shiga kafa su cikin ruwa, wutar ta biyo waya ta ƙarƙashin teku har gaɓa. Wurin da aka tara su da yawa ana ce da shi gonar iska.

Mutanen Denmak ne suka fara wannan a 1991, da inji 11 a wani wuri wai shi Vindeby. Daga nan abu ya yi ta bunƙasa. A 2019 aka gama kafa wata gona a Tekun Arewa, gabas da Ingila, ana ce da ita Hornsea ta ɗaya. Tsakaninta da gaɓa kamar kilomita 120 ne, tana da inji 174, kowane fiffike tsawonsa mita 75. Wutar da ta ke bayarwa ta ishi gidaje fiye da miliyan ɗaya.

Amma inji ba ya gyara kansa. Gishirin teku yana cin ƙarfe, noti ya kan kwance, mai ya kan ƙare. Dole sai da mutum. Wannan mutumin shi ne bakaniken injin iska.

A bakin kogin Hamba, a ƙasar Ingila, akwai wani gari wai shi Girimsbi. A wajen 1950 ana cewa duk duniya babu tashar masunta kamar tasa. Amma a 1976 ƙasar Aisilan ta sami ikon hana jiragen Ingila kama kifi har mil 200 daga gaɓarta. Sana'ar su ta durƙushe, mutane da yawa suka rasa abin yi. Ana nan, ana nan, sai aka fara kafa gonakin iska a tekun da ke daura da garin, jiragen kanikawa suka riƙa tashi daga tashar da masunta suka bari.

A garin nan aka haifi wani yaro, jikan wani tsohon masunci. Tun yana ƙarami ya ke son kwance abu ya ga cikinsa, yana kuwa da ƙoƙari wajen lissafi. Da ya gama makarantar sakandare sai aka ɗauke shi ɗan koyo, aka ce zai yi shekara uku. Ran da ya gaya wa kakansa, tsohon ya yi shiru, kana ya ce, "Ɗan nan, teku ba ta san sabo ba. Kome daɗewarka da ita, kada ka raina ta."

Yaro ya zaci washegari zai hau hasumiya. Ina! Shekarar farko duk a makarantar koyon sana'a ya yi ta, yana koyon sha'anin lantarki, da karanta zanen inji, da riƙon sifana. Sa'an nan aka kai shi koyon abu biyar waɗanda ba a barin kowa ya shiga teku sai ya iya su: taimakon wanda ya ji rauni, da ɗaukar kaya ba tare da jin ciwon baya ba, da kashe gobara, da aiki a wuri mai tsawo, da tsira da rai in an faɗa ruwa. Aka jefa shi cikin tafki da kayan aikinsa a jiki, ya koyi hawa kwalekwalen roba. Aka rataye shi da igiya, ya koyi sauko da abokin aikin da ya suma. Takardar shaidar da aka ba shi ta shekara biyu ce kurum. In sun cika, sai a koma a sake koyo, ko da mutum ya tsufa a aikin.

Ranar da ya fara fita, tun da asuba suka shiga wani ƙaramin jirgi. Kafin su isa, jiri ya kama shi, ya yi amai har sau biyu. Da suka kai, matuƙi ya danna goshin jirgin jikin hasumiya, igiyar ruwa tana ɗaga su tana saukarwa. A nan ne wuyar aikin ta ke. Mutum zai maƙala ƙugiyar ɗamararsa, ya jira har jirgi ya taso daidai, sa'an nan ya taka tsani. In ya yi garaje sai ya zame, ruwan kuwa sanyi gare shi kamar ƙanƙara. Yaro ya jira, aka ce masa, "Taka!" ya taka.

Cikin hasumiyar akwai wani ɗan akwati mai hawa da mutum biyu ko uku, akwai kuma tsani don ranar da akwatin ya ƙi. Ɗakin injin yana can sama wajen mita 100 daga ruwa. Aikin ɗan koyo shi ne miƙa kayan aiki, da goge mai, da ɗura giris, da kallon yadda manya ke yi. Noti kuwa ɗaruruwa ne, kowanne da ƙarfin da za a ɗaure shi, kada ya gaza, kada ya wuce. Duk abin da aka taɓa sai an rubuta. Ba a kuma barin mutum ɗaya ya yi aiki shi kaɗai.

Da shekara uku ta cika ya ci jarrabawa, ya zama cikakken bakanike. Aka ba shi wani abu ƙarami wanda ya fi dukan kayan aikinsa daraja, watau kwaɗo mai ɗauke da sunansa. Ga amfaninsa. Kafin a shiga gyara sai a tsai da inji, a kashe wuta, a datse fukafukai. Sa'an nan kowane ma'aikaci ya ɗaura nasa kwaɗon a wurin kunnawa, ya sa mabuɗin a aljihu. Muddin akwai kwaɗo ko ɗaya, inji ba ya tashi. Doka ce, ba mai cire kwaɗon wani.

Bayan 'yan shekaru, da aka ga natsuwarsa, aka sa shi heluma, watau shugaban 'yan ƙungiyarsa. Ran nan suka gama wani gyara da la'asar. Iska tana kaɗawa sosai, kowace sa'a da inji ya yi a tsaye hasara ce ga masu shi, jirgi kuma yana jira a ƙasa. Kowa ya cire kwaɗonsa, saura ɗaya. Wani mai gaggawa a cikinsu ya ce, "Maigida, ai na ga mai shi ya sauka tun ɗazu, mantawa ya yi. Mu datse shi mu tafi, yamma ta yi."

Heluma ya ce, "Idonka ya gan shi, nawa bai gan shi ba. Ba mai taɓa kwaɗon nan sai mai shi."

Ya kira shi ta rediyo, shiru. Sai ya rarrafa ya leƙa cikin cibiyar da fukafukai ke haɗuwa. Ashe mutumin yana ciki, ya koma neman sifanar da ta faɗi, rediyonsa kuwa ya mutu. Da an datse kwaɗon an ta da inji, da ya juya da shi a ciki. Wanda ya ba da shawarar ya sunkuyar da kai. Heluma bai zage shi ba, sai ya ce, "Samari, wutar da aka rasa yau gobe a same ta. Rai fa?"

Daga baya aka mai da shi wata gona mai nisa, inda ba a iya zuwa a dawo a yini ɗaya. A can kanikawa cikin wani babban jirgi su ke kwana, mai ɗakuna da wurin cin abinci. Jirgin yana da wata gada wadda ya kan miƙa har jikin hasumiya, a taka a ƙetare. Su kan yi mako biyu a teku, suna aikin sa'a 12 kowace rana, kana su yi mako biyu a gida. Albashi yana da kyau, amma akwai abin da kuɗi ba ya saya. Ran da 'yarsa ta fara tafiya yana teku, sai a waya ya gani. Da hunturu kuma hadari ya kan hana fita kwana da kwanaki, a zauna jugum ana jiran teku ta lafa.

Sana'ar tana da rassa. Wani ya kan ƙware a kan wuta mai ƙarfi. Wani ya kan koyi sauka da igiya ya liƙe fiffiken da tsawa ta fasa. Wani ya kan koma ofis a tudu, yana duban injuna duka ta kwamfuta, ya san wanda ya tsaya tun kafin a je. Waɗansu su kan tafi aiki Jamus ko Taiwan ko Amurka. Shi kuwa mutumin Girimsbi, da gwiwoyinsa suka fara gajiya da tsani, aka sa shi mai tsara aikin ƙungiyoyi daga tudu, shi ke faɗin wanda zai fita da ranar da za a fita. Yana kuma koya wa sababbin 'yan koyo. Abin da ya kan fara nuna musu ba sifana ba ce, kwaɗo ne.

To, kun ji yadda ɗan koyo ya zama bakanike, bakanike ya zama heluma, heluma ya zama babba a ofis. Ba ƙarfi ne ya kai shi ba, gama akwai waɗanda suka fi shi ƙarfi. Abin da ya kai shi shi ne an gwada shi a kan noti aka same shi da gaskiya, sa'an nan aka amince masa da rayukan mutane. Haka kowace sana'a ta ke, ko a teku ko a tudu. Wanda ya kula da ƙaramin aiki shi a ke ba babba, sannu kuwa ba ta hana zuwa.