Ku bar yaro ya ci abin da garin ke ci

Tun jiya abin nan ke cina. Ɗan ƙanwata da ke karatu a Azhar ya sa hotonsa yana cin koshari a wata rumfa a Alƙahira, sai wani dattijo a zauren danginmu na WhatsApp ya rubuto: "Karatu aka tura ka ko cika ciki?" Haba Baba! Iska zai ci?

Waɗanda suka daɗe tare da ni sun san a Khartoum na yi nawa karatun, tun kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya watsa ɗalibanmu. Na ga yaran Sakkwato da suka iso da akwati shaƙe da kuka da daddawa da kilishi, suka kulle kansu a ɗaki suna tuƙa tuwo. Wata uku kayan sun ƙare, Larabcin kuma bai zauna a baki ba. Mu da muka zauna da 'yan gari wajen fatur, wato karin kumallo, ana zuba ful, wato dafaffen wake, da man riɗi a kwano ɗaya kowa na dangwala da burodi, a nan harshe ya buɗe. Abin da na tsinta a bencin mai shayi, malamin nahawu bai ba ni rabinsa ba.

Kuma wane baƙon abinci ne? Kisra da garin dawa ake yin ta, miyarsu busasshiyar kuɓewa ce. Agashen da suke rububi da yamma, mutanenmu suka kai. Bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru sun bi gabas har suka kafa garin Maiwurno a bakin Nilu a Sudan. Buhunan kuka suka ɗauka daga Sakkwato?

Na san za a ce ina zuga yara su raina na gida. Ni da ko gajeriyar tafiya ban yi sai da fura a mota? Za a kuma kawo zancen halal. A Masar da Sudan dai wannan ba magana ba ce; mai zuwa Indiya ko Sin ya tambaya kafin ya kai loma. Makonnin farko ciki zai yi gardama, a kula da ruwan sha.

Baba, yaron nan bai faɗi jarrabawa ba. In za a tambaye shi, a tambaye shi sakamako, a bar masa kwanonsa.